Godiya ga waɗanda suka halarci zaman sauraren Branford Marsalis

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zamanmu na daren Asabar ya tashi lafiya, kuma jama'ar da ta zo ta fi yawan kujerun da muka tanada. Waɗanda suka ƙare a kan tabarma su yi mana afuwa.

Godiya ta farko ga Baba, tsohon mai busa a badujalar 'yan sanda, wanda ya taso da saksofon ɗinsa duk da ciwon gwiwa. Da ya buɗe akwatin, ya jiƙa ɗan siririn itacen bakin da miyau kafin ya ɗaura, yara suka yi ta dariya. Yana fara busa kowa ya kama bakinsa. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mun zaɓi Branford ne saboda gidan da ya fito. An haife shi a 1960 a jihar Louisiana ta Amurka, shi ne babba cikin 'ya'ya maza 6 na Ellis Marsalis, makaɗin fiyano kuma malamin kiɗa a New Orleans. Huɗu daga cikinsu sun bi sana'ar: shi Branford yana busa saksofon, Wynton turampet, Delfeayo turombon, Jason yana ganguna. A 2011 Amurka ta ba uban da 'ya'yan huɗu lambar girmamawa ta gwanayen kiɗan jaz a tare.

Nan fa gardama ta kaure. Wani malami ya ce ai magana ta ƙare, ɗan gado ne, kamar ɗan mai algaita a fada. Ni dai ban gamsu ba. Gidan ya ba shi kunne, amma sai da ya je makarantar kiɗa ta Berklee a Boston, ya kuma sha horo a hannun Art Blakey, mai gangunan da ya yaye matasa da dama. Sannan a 1985 ya bar ƙungiyar ƙanensa Wynton ya bi Sting, mawaƙin Ingila, abin da masu ra'ayin jaz zalla ba su ji daɗinsa ba. Daga 1992 zuwa 1995 shi ke jagorantar makaɗan shirin talabijin na Jay Leno, ya kuma ajiye aikin ya koma ga kiɗan da ransa ke so. Wanda gado kaɗai ke ja ba ya irin wannan kasada. Malam, na gode da ka ja da ni, don gardamarka ce ta raya zaman.

Na gode wa ƙanwarmu ɗaliba da ta tuna mana cewa bayan guguwar Katrina ta 2005, Branford da Harry Connick Jr., wanda ɗalibin Ellis ne, sun jagoranci gina wa makaɗan New Orleans unguwa, da cibiyar koyon kiɗa mai sunan uban. Ellis ya rasu a Afrilun 2020 sakamakon korona.

Maƙwabcinmu da ya jona mana janareta da aka ɗauke wuta, ya kuma ƙi karɓar kuɗin mai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zoɓo da masa sun ƙare tas kafin a kai rabin zama. Samarin da suka ɗauko lasifika suka mayar cikin dare, Allah ya yi muku albarka.

An bar hula zanna da cajar waya a zaure, mai su ya zo ya karɓa.