Gadi a Nasarawa, da karen Alhaji

Mutumin Nijar da ya sauka Kano ba jari, hanyoyin da ke gabansa sanannu ne: ko ya tura kurar ruwa, ko ya kafa teburin shayi, ko ya samu gadi. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Tasawa a jihar Maradi, kuma gadin ne ya faɗo mini, saboda kawuna ya tsufa yana yin sa a Bompai. Ta Ɗan Isa da Jibiya na shigo, da niyyar in koma gida lokacin girbi. Ina cikin koyon lissafin naira sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Masu hali suna bi ta daji a kan babur, ni kuwa kuɗin ya fi ƙarfina, ga naira tana ta faɗuwa a gaban sefa, abin da zan aika gida kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Ɗan ci-rani ya zama mazauni ba shiri.

Gidan da kawu ya samo mini yana Nasarawa, na wani Alhaji mai shaguna a Kantin Kwari. Ɗaki ɗaya a bakin ƙofa, abinci daga cikin gida, albashi ƙarshen wata. Abin da ba a faɗa mini ba sai da na ajiye jakata shi ne gadin ya haɗa da kare. Irin na Jamus ne da aka gauraya, baƙi, suna kiransa Duna, bai cika shekara ba amma idan ya miƙe yana dafa ƙirjin babban mutum. An saye shi bayan ɓarayi sun taɓa haura katanga. Yini yake a kejin ƙarfe a bayan gida, da dare a sake shi, sai ya fito kamar an harbo shi, ya bi kaji, ya faɗa kan mai wanki, ya yi ta dukan ƙofa da ƙirji. Wanda na gada a aikin saboda shi ya tafi.

A unguwar akwai wani ilimi da masu gadi ke gadar wa juna: wai ka kulle kare a duhu kada ya saba da mutane, ka rage masa abinci, wasu ma har barkono suke zuba masa don ya yi zafi. Ni dai ban ga hikima a ciki ba. Karen da aka yi wa haka tsoro ne ke cinsa, kuma mai jin tsoro ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo karɓar sauran tuwo. A garinmu karnukan farauta tare da mutane suke yini, kuma maharbi ba ya alfahari da karen da ke gudu kawai, sai wanda idan ya daka masa tsawa zai tsaya cak ko da zomo na gabansa.

Na sami Alhaji da maganar wata safiya yana shirin fita kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina neman izini in riƙa fito da Duna da rana ina koya masa zama da jira. Ya dube ni ya ce, "Malam, ni fa don haushi na sayi karen nan, ba don ya zauna ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, haushi ba sai an koya masa ba. Amma ran da ya fita ya kama ɗan mutane, ni ne a bakin ƙofa, kuma ni baƙo ne, ni za a fara tambaya takardu." Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce in yi, amma kada in mayar masa da kare mage. Gaskiyar dalilina ke nan. Ɗan gari idan tsautsayi ya faɗa masa yana da dangi da mai unguwa, ni kuwa kawu kaɗai gare ni, shi ma a ƙofar wani yake kwana.

Wani likitan dabbobi da ke zuwa yi wa Duna allura shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce abu biyu zan riƙe: lada ta zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan kare ya yi abin da ake so, in ba haka ba ba zai san me aka saka masa ba, sannan darasi kada ya wuce kamar minti 5, gara a maimaita sau da yawa a yini. Ladan kuwa hanta ce, ina sa mai dafa abinci ya ƙaro ta idan ya je Abbatuwa, in tafasa ta da ruwa zalla, in yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Yaran gidan sun so su riƙa ba shi tsire, likita ya hana, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Da kwanon abinci muka fara, don nan ne haukansa ya fi yawa. Zan tsaya riƙe da kwano daidai ƙirjina, ba na cewa komai. Ya yi tsalle, ya yi kuka, ya kewaya ni, ni dai ina tsaye. Da ya gaji ya ɗora gindinsa a ƙasa sai in ce "zauna", in fara sauke kwanon a hankali. Da ya ɗaga gindi, kwano ya koma sama. Ya sake zama, kwano ya sake saukowa. Ranar farko kwanon bai kai gwiwata ba yake zabura, hannuna har ya yi tsami. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zamana ina ajiye kwanon a ƙasa, yawu na zuba daga bakinsa, ƙafafunsa na gaba suna rawa, idonsa na kaina, ba ya motsi sai na ce "ci". Wannan duban da yake yi mini, maimakon ya dubi kwanon, shi ne abin da ake nema. Ya gane cewa hanyar samun abin da yake so ta wurin haƙuri take, kuma ba duka a ciki ko sau ɗaya.

"Bari" ma haka aka yi ta: hanta a cikin dunƙulen hannu, ya lasa, ya sa farce, hannu ba ya buɗewa. Da ya janye hanci sai in ba shi wata daga ɗaya hannun, ba wadda ya bari ba. Kiran "zo" bai ba ni wuya ba, sharaɗinsa guda ne, kada ka taɓa kiran kare ya zo sannan ka hukunta shi ko ka jefa shi keji nan take, don gobe ba zai zo ba.

Ƙofa ita ce jarrabawar gaske, ita ce kuma aikina. Da Alhaji ya danna hon, Duna ya san za a buɗe, titi kuma cike yake da 'yan makaranta da masu talla da Adaidaita Sahu. Na zaɓi wani wuri gefen ɗakina na shimfiɗa tsohon buhu, nan ne mazauninsa. In zaunar da shi a kai, igiya a wuyansa, in buɗe ƙofa faɗin tafin hannu. Ya tashi, in rufe. Ya zauna, in buɗe, in jefa masa hanta a kan buhun. Daga tafin hannu zuwa kamu guda, zuwa rabin ƙofa, har ta kai ina wangale ta duka. Daga baya na roƙi direba ya riƙa danna hon da gangan lokacin da ba kowa a titi, don ƙarar ta zame masa alamar tafiya kan buhu. Duk wannan bayan sallar asuba muke yi, ko gab da magariba, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, kuma kwalta da tsakar rana tana ƙona masa tafin ƙafa.

Abin da ya fi karen wahala mutanen gidan ne. Babban ɗan Alhaji yana son ya dawo daga makaranta Duna ya yi tsalle ya dafa shi, abin da na yi kwanaki ina hanawa ya rushe cikin minti ɗaya. Mai gadi kuma ba ya tsawata wa ɗan maigida. Dabarar da na yi ita ce na miƙa masa gwangwanin hanta na ce, "Yallaɓai ƙarami, gwada ka ga ko zai ji maganarka." Da ya ce "zauna" karen ya zauna, sai abin ya zame masa abin nuna wa abokai, ya koma shi ke hana ƙannensa.

Sai batun masallaci. Na lura wasu suna ɗan jan jiki idan na shiga sahu, an san ni ne mai taɓa kare. Na tambayi limamin bayan sallar isha'i, ya ce a mazhabar Malikiyya da mu da su duka muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki umarni ne da ake bi don ibada. Ya karanto mini aya ta 4 a suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ya ce malamai sun siffanta horarre da wanda idan an tura shi zai tafi, idan an tsawata masa zai tsaya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don abin da maharban garinmu ke faɗa ke nan ba tare da sun buɗe littafi ba. Duk da haka na ware riga ɗaya ta aikin kare, ba na shiga masallaci da ita. Baƙo ba ya zuwa garin mutane ya ce sai ya ci gardama.

Katin allurar Duna ma a ɗakina yake, cikin leda ɗaya da takarduna. Rigakafin ciwon haukan kare ana fara shi ne daga wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma likita ya ja mini kunne cewa ko ƙwarzane ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti, domin cutar idan ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Fita da shi yawo ita ta sa unguwa ta san ni. Idan ya ja igiya in tsaya, idan ta saki in ci gaba, don haka da farko tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta cinye mana safiya. Yara suna bin mu daga nesa suna kiran "Buzu mai kare", ko da yake ban haɗa komai da Buzaye ba sai ƙasa. A teburin wani mai shayi ɗan Tawa, inda mutanenmu ke haɗuwa ana jin labarin damina da farashin sefa, nakan ce wa Duna ya kwanta gefe in sha shayina. Daga nan masu gadin wasu gidaje suka fara zuwa tambaya, wani ma maigidansa ya aiko a kira ni, na samu ɗan abin da nake ƙarawa a kan saƙon gida.

Inda har yanzu ban ci nasara ba shi ne raguna. Duna zai bar hanta a ƙasa, zai bar kaza ta wuce ta gabansa, amma da ragon layya ya zabura a tsakar gida, kunnensa ya toshe. Maganin sananne ne, a fara daga nesa da doguwar igiya, inda yana ganin ragon amma hankalinsa bai tashi ba, a riƙa matsowa kaɗan kaɗan. Sai dai hakan na son lokaci, ragunan kuwa ana gobe ko jibi Sallah ake kawo su, don haka kwanakin nan a keji yake yin su. Bana na roƙi Alhaji ya sayo ko guda ɗaya da wuri. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka san nawa buhun dusa yanzu?" Ya dai ce zai yi magana da ƙaninsa mai kiwo a Hotoro ya aro mana tunkiya.