Taron ƙungiyarmu na yau

Yau a taron ƙungiyar ma'aikata a ofishinmu nan Katsina, kowa ya zo da maganar albashi a baki. Sai wakilinmu ya miƙe ya ce, "Jama'a, kafin nan, wa ya taɓa sauraren tarin Baba mai shara?" Kullum da yamma shi ake sa ƙona ledojin ruwa a bayan ofis, ga janareta yana feso masa hayaƙi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Nan take aka rubuta cikin buƙatunmu a daina ƙona leda, a tara wa masu saye, a kuma sa sola, tunda fetur ya fi ƙarfin kowa tun 2023.

Ni dai fargabata kada takardar nan ta kwanta a teburin Darakta har damina.