Da kamfanin inshora ya ce motar Kawu ba ta gyaruwa

A damunar 2024 wata babbar mota mai ɗauke da kwantena ta shanye birki a titin Ikorodu da ke Legas, tsakanin Ojota da Ketu, ta hau motar Kawuna ta baya, ta matse ta da shingen kankaren da ya raba layin manyan bas na BRT da sauran titi. Kawu ba ya ciki, yana kasuwar Mile 12 ana sauke masa albasa. Direbansa ya fito da targaɗe a wuya da ƙwarzane a goshi. Ita kuwa motar, Corolla ce tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, but ɗinta ya dawo kan kujerar baya, shasin ya murɗe. Duk wanda ya zo jaje Agege magana ɗaya yake yi: tunda abin ya tsaya a kan dukiya, a gode wa Allah, Allah ya mayar da alheri. Haka ne kuwa. Ni ne dai nake riƙe wa Kawu littafin lissafi, saboda haka bayan masu jaje sun watse, takardu a hannuna suka faɗo.

Kawu yana cikin 'yan tsirarun mutanenmu da ke da cikakkiyar inshora. Yawancinmu a Legas ƙaramar muke yanka, wadda doka ta wajabta, ita ma don a samu abin miƙa wa ɗan sanda a hanya. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida, a da 5,000 ne, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Taka motar kuwa, ko ta ƙone ƙurmus, ba ruwanta. Cikakkiyar ce ke biyan taka. Wata dillaliyar inshora, maƙwabciyarsa Bayarabiya, ita ta yi ta binsa har ya yarda ya yanka a 2021, lokacin da ya sayi motar.

A daren ranar, wakilin mai babbar motar ya zo gida da dattawa biyu daga cikin mutanenmu na tasha. Suka gaisa, suka jajanta, sannan aka kawo maganar a kashe wutar a cikin gida: ga wani abu a riƙe, a bar zancen 'yan sanda. Na ga Kawu ya fara sassautowa, domin mutum ne mai jin nauyin manya. Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri in kira matar nan tukuna." Da na kira ta, ba ta bari na gama bayani ba. Ta ce kada a karɓi ko kwabo, kada a sa hannu a komai. Dalili shi ne, in kamfani ya biya ka, haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar ya koma hannunsa, shi zai nemi kuɗinsa daga mai babbar motar ko daga kamfanin inshorarsa. In ka riga ka yafe ko ka karɓi wani abu, ka toshe masa wannan hanya, shi ma yana iya cewa ka karya sharaɗi. Ina girmama sulhu, da shi muke zaune lafiya a garin da ba namu ba. Amma abin da suka zo da shi ko injin motar ba zai saya ba. Kawu ya sallame su da kyakkyawar magana, ya ce abin ya riga ya fita daga hannunsa.

Washegari na danna *565*11# a waya, na sa lambar babbar motar don in ga ko tana cikin rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID. Ba ta fito ba. Takardar da direbansu ya nuna ta bogi ce, irin wadda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofisoshin lasin. Da ƙaramar inshora kaɗai Kawu yake da ita, da sai dai mu yi ta jeka-ka-dawo da mai motar a kotu. Kowa ya duba tasa lambar yau, minti ɗaya ne.

Tara takardu bai ba mu wuya sosai ba: fom ɗin kamfani, rahoton 'yan sanda, lasin direba, fatikula, bayanin direba a rubuce, kiyasin gyara daga gareji, da hotuna. Direban Kawu, Allah ya yi masa albarka, duk da wuyansa a sanƙare, ya ɗauki hoton motocin biyu da lambobinsu kafin jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa su sa janwe ya janye su don buɗe hanya. An kuma sanar da kamfani tun a ranar, abin da sharuɗɗan ke nema ke nan. Lasinsa bai ƙare ba, kuɗin shekarar ma an biya, domin a Najeriya in ba ka biya ba babu kariya, ko da takarda na hannunka.

Injiniyan da kamfani ya turo ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya kwatanta kiyasin gyara da kuɗin da aka rubuta a takarda, ya ce gyara ba zai biya ba, za a ɗauke ta a matsayin wadda ta tashi aiki. Bakaniken Kawu bai ji daɗi ba. Ya rantse in aka ba shi ita, ya shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ya sayo rabin jiki, fanalbita ya ja shasin, wata ɗaya za ta koma titi. Na san zai iya, irinsu da yawa suna yawo a Legas. Amma motar da shasinta ya murɗe ba zan so a ɗauki iyalin Kawu a cikinta zuwa Kano ba.

Wasiƙar tayi ce ta girgiza gidan. A 2021 an rubuta darajar motar naira miliyan 4.5, kuma kusan abin da ya saye ta ke nan. Kowace shekara ana sabuntawa a kan wannan adadi. A tsakanin nan ƙasa ta juye. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tokumbo da dala ake sayo ta, kuɗin fiton kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Da na je kasuwar motoci ta Berger na tambaya, irin motar Kawu, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya, dillalai miliyan 9 suke kira. Ka'idar inshora kuwa ita ce a biya ka darajar motar a kasuwa ranar haɗari, amma kada ya wuce abin da aka rubuta a takarda. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ne naka. Wato tun kafin a fara magana, rabin motar ya tafi.

Kawu ya ce mini, "Kai ɗan nan, ashe shekara uku rabin mota nake yi wa inshora?" Na ce, "Haka lissafin ya nuna, Kawu." Ya yi shiru, sannan ya tuna cewa dillaliyar ta taɓa yi masa maganar a ƙara adadin, ya ce a bar shi yadda yake. Ban ga laifinsa ba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce daga 2023 kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, sai nasa ya tashi zuwa naira 225,000, ga fetur ya ninka bayan cire tallafi, ga kuɗin motar ɗauko albasa daga Aliero ya hau. In aka rubuta miliyan 9, naira 450,000 zai riƙa biya. Wa zai ji wannan ya yi marmari? Inda nake ganin kamfanoni ba su kyauta ba shi ne, sun fi kowa sanin abin da ya faru da farashin motoci. Ya kamata takardar sabuntawa ta fito fili ta ce: Alhaji, adadin nan ba zai sake saya maka motar nan ba, ga abin da za ka rasa in ta lalace. Mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe. Saƙon waya mai cewa lokacin biya ya yi bai isa ba. Akwai ma takardun da ko gyara ne kawai, in darajar da ka rubuta ta gaza ta kasuwa, gwargwadon hakan za a rage maka kuɗin gyaran.

Ko miliyan 4.5 ɗin ma ba ita suka fara tayawa ba. Sun cire kason da takarda ta ɗora wa mai mota a kowace ɓarna, wanda a tasa kashi 10 ne, wannan ba gardama, a rubuce yake. Sannan suka sake zaftare wani babban kaso, wai na tsufan mota na shekara uku. A nan na tsaya. Na karanta takardar sharuɗɗan daga farko har ƙarshe, da ƙananan rubutun da ke bayanta, ban ga inda aka ce za a cire wani kaso na tsufa in mota ta tashi aiki ba. Abin da ta ce shi ne darajar kasuwa. To motar da kasuwa ta ninka kuɗinta, ta ina tsufa ya rage mata daraja? Na koma Berger na roƙi dillalai biyu suka rubuta mini farashi a kan takardar shagonsu, na haɗa da hotunan tallan irin motar daga intanet, muka rubuta wasiƙa, dillaliyar ta kai da hannunta. Babu zagi a ciki, babu barazana. Mun dai ambata cewa in ba a daidaita ba za mu kai ƙorafi sashen koke-koke na NAICOM, wanda kowa ke da damar zuwa. Bayan 'yan makonni suka janye kason tsufan, aka tsaya a miliyan 4 da dubu 50.

Na ga amfanin dillali a wannan tafiya. Kamfani ne ke biyan ta kamasho, amma mai inshora take wa aiki, ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma in ta kira ana ɗauka.

Sai maganar gawar motar. Kawu ya ɗauka tasa ce, har wani yaronmu mai harkar ƙarafa a Owode Onirin ya zo ya taya, domin injin da giyabos lafiyarsu ƙalau. Amma in kamfani ya biya ka a matsayin motar ta tashi aiki, gawar tasa ce, da makullai da takardun asali duk za ka miƙa. In kana so, sai ka saye ta daga hannunsu, a cire daga kuɗinka. Muka yi lissafi: tunda rabin daraja aka biya mu, injin kuma farashin yau yake da shi, sayenta ya fi. Muka taya, suka sallama, muka sayar wa yaron da 'yar riba. Ba ta cike giɓin ba, ta dai rage. Abu ɗaya da na nace a kai shi ne a rubuta yarjejeniya cewa a matsayin kayan gyara aka sayar, a kuma cire lambar, kada wata rana a ga mota na yawo da sunan Kawu.

Takarda ta ƙarshe ita ce wadda za ka sa hannu cewa ka karɓi wannan adadi, ba ka da sauran magana. Duk jayayyar da za ka yi, ka yi ta kafin wannan sa hannun. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ba kamfani kwana 90 daga wannan takarda ya biya. Namu bai kai haka ba kuɗin suka shigo. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta.

Tun daga lokacin mutane ke kawo mini takardunsu in duba, a masallaci ko a rumfa, kuma abu biyu nake yawan gani. Na farko, mota a hannun Alhaji, takardu da sunan wanda ya sayar masa shekara biyar da suka wuce, wani ma ya bar Legas. Mun saba ciniki da amana, a biya kuɗi a karɓi makulli. Kamfani kuwa wanda sunansa ke takarda ya sani, kuma sai ka nuna motar taka ce kafin a biya ka. Na biyu, motar da aka yi wa inshorar hawan gida, amma an ba yaro yana Bolt ko Uber da ita. Ranar da ta yi haɗari da fasinja a ciki, za a ce an saɓa sharaɗi. A faɗa musu gaskiyar aikin da take yi tun farko, ko da kuɗin zai ƙaru.

Wasu kuma abin da ke hana su shi ne shakkar halaccin inshorar kanta. Wannan damuwa ce ta gaske, ba na raina ta. Akwai kamfanonin takaful masu lasin NAICOM, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, inda gudummawa ake zubawa a asusun taimakon juna, ana juya kuɗin ta hanyar da ba riba ta ruwa, in an samu rara a raba wa mahalarta. Sai dai su ma adadin da ka rubuta shi za su duba ranar biya.

Kawu ya haɗa kuɗin inshorar da na gawar, ya cika daga jarin albasa, ya sayi wata Corolla da aka yi amfani da ita a nan gida, wadda ta girmi ta farko da shekara biyu. An sauya takardunta zuwa sunansa kafin ta kwana uku a ƙofar gida. Wannan karon takaful ya zaɓa, aka rubuta ainihin abin da ya biya, ya kuma ce duk shekara kafin a sabunta in fara zuwa Berger in tambayo farashi.