Wasiƙa daga Oakland: masu goge huɗu da gaɗar 'yan matan Mali

Assalamu alaikum mutanen gida, ina gajiya, ya iyali ya ƙoƙari? Mu dai nan Kalifoniya alhamdulillahi, sai kewar tuwo da hirar ƙofar gida.

Wani abokin aikina ne ya matsa min sai na raka shi kallon kiɗa a San Faransisko, ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a, na tafi ina ta ƙunƙuni a raina don na ɗauka irin kiɗan nan ne na Turawa da kowa ke zama shiru kamar gidan makoki. Shirun kam an yi shi. Amma ban yi barci ba.

Mutum huɗu ne kawai, sunansu Kronos Quartet. Biyu na riƙe da biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi girma, na huɗun kuma da celo, ƙatuwa ce ita sai an zauna an jingina ta tsakanin gwiwoyi. Ba ganga ba kalangu, ba wani mai sanda a gaba yana ba su umarni. Ido da numfashi suke bi, ɗaya zai ɗan ja numfashi ya ɗaga kafaɗa sai ka ji duk sun shigo tare, wallahi abin ya tsaya min a rai.

David Harrington ne ya kafa ƙungiyar a Seattle a 1973, wai wani kiɗa da George Crumb ya rubuta lokacin yaƙin Biyetnam ya ji a rediyo cikin dare ya ce shi ma sai ya kaɗa shi. A 1978 suka dawo San Faransisko. John Sherba da Hank Dutt sun yi sama da shekara 45 a cikinta kafin su yi ritaya a 2024, ku duba fa, daga wannan jirgi sai wancan otal da mutane ɗaya tsawon wannan lokaci, mu da ko adashi ba ya kai shekara biyu sai an yi rigima. Kuma ba su tsaya kan tsofaffin kiɗan Turai ba, su ne ke bin mawallafa su rubuta musu sabo, kaɗe-kaɗen da aka rubuta musu sun haura 1,000 yanzu.

Inda abin ya zo kusa da mu shi ne Afirka. A 1992 sun fitar da faifan Pieces of Africa, da Hamza El Din ɗan Nubiya da Obo Addy na Ghana da Foday Musa Suso mai kora, wato wani irin molo mai tsirkiya da yawa, daga Gambiya. A 2017 kuma suka yi Ladilikan da Trio Da Kali, maroƙan gado daga Mali. Zabiyarsu Hawa Kassé Mady Diabaté ita ta tsara musu wani kiɗa mai suna Tegere Tulon, kuma kun san daga ina ta ɗauko shi? Daga waƙoƙin tafi na 'yan mata a dandali. Gaɗa kenan fa! Gaɗar da yayyena ke yi da farin wata har Inna ta leƙo ta ce a shigo haka nan. An rubuta ta a takarda cikin shirinsu na Fifty for the Future, kiɗa 50 da suka zuba a intanet kyauta, ɗalibi a Japan ko Jamus sai ya sauke ya koya, har da tafin.

A jirgin ƙasa na komawa gida Garba Supa nake ta tunani da Ahmadu Doka mai kukuma, tsirkiya ɗaya tal ta izgar doki amma sai ta yi magana kamar mutum. Mu a wajenmu mai goge ɗan iska ake ce masa, ko ɗan bori, ba a ba shi 'ya. Ni kaina da bakina na taɓa faɗin haka.

Don Allah in akwai mai tsohon kaset ɗin goge ko kukuma a akwati, ko wata gwaggo da ta riƙe waƙoƙin gaɗa, a ɗauka a waya a turo min, kuɗin data a kaina. A gaida su Baba.