Asabar a teburin kayan 'yan mazan jiya

Kaduna, bayan sallar isha.

Ƙarfe takwas aka buɗe zauren, kafin tara benci biyu sun cika, kowa da ƙunshinsa a cinya. 'Ya'ya ne da jikoki na sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, don wanda ya kai shekara 18 a 1945 yau yana bakin ɗari. Tsarin irin wanda shirin Europeana ya bi a Turai ne tun 2011 kan kayan Yaƙin Duniya na Ɗaya: a kawo kaya, a ɗauki hotonsu da labarinsu, mai abu ya koma gida da abinsa. Tebur huɗu muka jera, na rajista, na hira, na sikana, na kyamara. Kowane gida aka ba shi lamba ɗaya, ita ce a takardar amincewa, ita ce a sunan kowane fayil: 007-01 gaba, 007-01 baya, a haka har kayan su ƙare. Idan lambar nan ta kuɓuce tsakanin tebur da tebur, zuwa yamma za a tarar da hotuna ɗari ba a san na wane gida ba ne.

Abin da aka fi kawowa lambobin yabo ne, musamman Tauraron Bama (ƙasar Myanmar ta yau) mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Jama'a da shi suka fi alfahari, amma a aikin nan shi ne mafi ƙarancin magana, domin ba a zana sunan mai shi a jiki ba. Na gida goma iri ɗaya ne sak. Ɗan littafin sallama da ake kawowa a yage, kamar ba a bakin komai ba, shi ke ɗauke da lambar soja, da rundunarsa, da ranar shiga da ta fita. Lambar 'yan Najeriya da NA take farawa, ta mutanen Gana ta yau da GC. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina: akawun bariki ya rubuta Garba ya zama Garuba, Muhammadu ya zama Momadu, sannan aka liƙa wa mutum sunan garinsu a matsayin sunan uba. Masu suna ɗaya daga Kano ko Sakkwato ba sa ƙirguwa.

Wajen sha ɗaya wata dattijuwa ta kwance ɗankwali, ta fito da ɗan ƙyalle rawaya, bai kai tafin hannu ba, da baƙin gizo-gizo ɗinke a kai. Ta ce, "Ɗan nan, Baba ya ce kada a yar, amma mu ba mu san na mene ne ba." Aka ce mata, Hajiya, wannan tambarin runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Tambarin ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye cikin gammo, gammon da aka sani na ɗaukar kaya, domin a dazukan Arakan da ka sojojinmu suka yi dakon harsashi da abinci inda mota ba ta shiga. Rundunonin biyu sun haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen da yaƙin ya bari suna nan kusa da mu, barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna, da na Chindit a Zariya, ana wuce su kullum. Da ƙyallen nan kaɗai an san ta inda za a fara nema.

A teburin sikana, hoto dpi 600 ne (ɗigo 600 a kowane inci), takarda 300, duka da launi ko da hoton baƙi da fari ne, saboda launin tawada da tabon ruwa su ma shaida ne. Ana ajiye na asali a TIFF, fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, a fitar da ƙaramin fayil na JPEG don intanet. Hoto mai girman santimita 9 da 14 yakan ci megabayit 20 da ɗoriya, don haka a shirya wurin ajiya tun kafin a fara. Bayan hoto dole ne a ɗauke shi, nan ake samun hatimin mai hoto, ko sunan gari, ko layi biyu na ajami. Hazon hunturu ya wahalar da mu: in ba a goge gilashin bayan kowane gida ba, ƙura takan fito kamar ɗigon fari a fuskar mutum. Littafin sallama ba a danne shi a sikana, ɗinkin bayansa zai ɓalle. Kyamara ake ɗora masa daga sama, fitila biyu hagu da dama a karkace, a kashe filashi. Lambobin yabo su ma haka, a kan ƙyalle mai ruwan toka, da rula a gefe.

Ɓarnar da muka gani yau, gara ba ta yi rabinta ba. Hannun masu son gyara ne ya yi ta. Takardu uku an kai su shago an rufe da leda mai zafi, ledar ta manne da tawadar, ba ta sake ɓaruwa, kuma tana ƙyalli a sikana. Salatif da aka liƙa wa yagewa ya bushe ya bar tabo ruwan kasa daidai kan lambar soja. Wani saurayi ya kwana yana dirza tauraron kakansa da toka da lemon tsami don ya zo da shi fes, ya cinye wa tauraron fuska. Hoton da ya manne da gilashin firam kuma ba a ɓare shi, a ɗauke shi yadda yake, da gilashin.

Teburin hira ya fi kowanne cin lokaci, minti arba'in ga gida ɗaya. Da aka ɗauke wuta aka tada janareta, sai da aka mayar da hirar ɗakin baya, don ƙugin injin yana shiga rikoda ya danne muryar tsofaffi. A WAV, fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ake ɗauka, awa ɗaya kusan megabayit 350. Tambayar farko ita ce daga bakin wa aka ji labarin. A gidaje da yawa yaƙi uku sun narke sun zama ɗaya: na Bama, da zuwa Kwango daga 1960, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba a gyara wa mutum labarin ubansa a gabansa. Ana rubuta abin da takarda ta nuna a gurbi ɗaya, abin da iyali suka faɗa a wani gurbin, da sunan dangantakar mai faɗa, ɗa ne ko jika. Wanda zai karanta nan gaba zai san wanne ne wanne.

Gida biyu sun ce nasu bai dawo ba. Da lambarsu ta soja aka shiga rumbun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon a ƙasar Bama, akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. An samu ɗaya. Allah ya jiƙansu duka.

Takardar amincewa da Hausa ake karanta ta da baki kafin a sa hannu ko a dangwala, kuma an raba izinin ajiyewa da izinin sawa a intanet. Wasiƙu biyu na ajami an jingine su har malami ya karanta wa iyalin, don wasiƙar soja takan zo da maganar bashi ko ta aure.

Kafin magariba an kwafe komai wuri uku: kwamfuta, ma'ajiyar waje, da wata da za ta kwana a wani gida. Masu son a tura musu nasu ta WhatsApp an tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi har ƙananan rubutu su dushe. Gida huɗu ba a kai gare su ba, sai Asabar mai zuwa, kuma an roƙe su kada su goge komai.