Uncle Tupelo: Samari Uku Daga Belleville

Wata shida na yi ina bin motar wani dattijon Bature zuwa wurin aiki kafin na sayi tawa. Tsohuwar a-kori-kura ce, ƙofar gefena ba ta buɗuwa sai daga waje. Kullum da magariba mukan tashi daga St. Louis, mu haye kogin Misisifi zuwa ɓangaren jihar Illinois inda muke aikin dare a wani rumbun ajiye kaya. Mutumin ba mai yawan magana ba ne, kuma faifai ɗaya ne a motarsa, shi yake ta juyawa. Da farko haushi abin ya riƙa ba ni. Waƙa takan fara a hankali kamar ta masu kiwon shanu, kana cikin gyangyaɗi sai jita ta fashe da ƙara kamar an kifar da kwanuka, can kuma ta lafa. Ran nan dai na kasa haƙuri na tambaye shi su wane ne waɗannan. Ya nuna gabas da haɓarsa, ya ce yaran Belleville ne, sunansu Uncle Tupelo, kuma ya sha kallonsu tun ba a san su ba.

Belleville ƙaramin gari ne, mutanensa sun ɗan haura dubu 40, tafiyar kamar rabin sa'a daga St. Louis. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka raya shi, da haƙar kwal da ƙera murhun ƙarfe da harkar giya. Lokacin da waɗannan samari suka taso duk wannan ya fara ja baya. Babbar masana'antar giyar garin, Stag, a 1988 aka rufe ta. A makarantar sakandare ta garin Jay Farrar da Jeff Tweedy da Mike Heidorn suka haɗu. Mahaifin Tweedy ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Gidan su Farrar kuwa gidan kiɗa ne, daga uban har 'ya'yan kowa yana taɓa wani abu.

Da sunan The Primitives suka fara, yayan Jay mai suna Wade ne ke jan waƙa, suna maimaita tsofaffin waƙoƙin wasu a wuraren biki. Da Wade ya janye, ukun suka sake suna zuwa Uncle Tupelo a 1987, suka fara rubuta nasu. Farrar na riƙe da jita, Tweedy da jita mai kaurin murya, Heidorn a kan ganguna. Abin da suka taso suna so shi ne pank, kiɗan samari masu fushi, gajere, mai sauri, ba ado. Kantiri kuwa kiɗan iyayensu ne, na ƙauyawa da direbobin manyan motoci, wanda yaro mai ji da kansa a lokacin yake jin kunyar a kama shi yana saurara. Su sai suka zuba biyun a tukunya ɗaya. Wannan fashewar da ke tashe ni daga gyangyaɗi, ashe nan ne asalinta.

Wurin da suka yi suna wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na gidan cin abinci mai suna Cicero's a St. Louis. Abokin tafiyata ya ce rufin ɗakin ƙasa-ƙasa yake, ga zafi, ga hayaƙin taba, mutum na tsaye gab da makaɗan har gumin mai ganga ya fantsamo masa.

Faifansu na farko, No Depression, ya fito a 1990 daga wani ƙaramin kamfani mai suna Rockville. Cikin kwana goma suka naɗe shi a Boston, a kan dala 3,500. Sunan daga wata tsohuwar waƙar addini aka ɗauko shi, wadda iyalin Carter suka rera a 1936, zamanin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Su kansu ba su san abin da suka haifa ba: a 1995 aka kafa mujalla da wannan suna, har sunan ya zama laƙabin salon kiɗan gaba ɗaya. Na biyu, Still Feel Gone, ya biyo baya a 1991.

Na ukun ne ya kama ni. A shekarar da kowane kamfani ke neman ƙungiya mai ƙarar jita saboda kasuwar da ƙungiyar Nirvana ta buɗe, su sai suka ajiye lantarki gefe. Peter Buck na ƙungiyar R.E.M. ya gayyace su garin Athens na jihar Jojiya, ya sauke su a gidansa, suka yi aikin cikin kwana biyar. Ko wahalar neman suna ba su yi ba, kwanan watan suka liƙa masa: March 16–20, 1992. Kusan rabinsa tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne, na masu haƙar kwal da masu dafa giyar ɓoye a duwatsu da na coci. Duk sanda banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ya shigo sai in ji kamar gurmi ne ake taɓawa daga nesa, kuma ba kunnena ne ke yaudarata ba, domin banjo jikan molayen Afirka ta Yamma ne, bayi suka haye teku da iliminsa.

A namu tsarin, ƙungiyar kiɗa tana da uban waƙa ɗaya, sauran 'yan amshi ne da makaɗa, kowa ya san gurbinsa. Uncle Tupelo da haka ta fara, Farrar ne gaba, da muryarsa mai kauri kamar ta dattijo alhali bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Amma Tweedy ya riƙa gogewa, waƙoƙinsa na ƙaruwa, har aka wayi gari ana raba faifai kusan biyu. Farrar mutum ne shiru-shiru, Tweedy kuwa ga surutu a kan dandali. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.

A ganina mai gangar nan ne igiyar da ta ɗaure su, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Heidorn abokin kowa ne, shi ke shiga tsakani. A 1992 ya ajiye sanduna, domin yana da iyali da aikin albashi a wata jaridar garin, yawon kwana a mota ba zai riƙe gida ba. Bayan tafiyarsa arziki ya zo: babban kamfanin Sire ya ɗauke su, aka ƙaro Ken Coomer da John Stirratt da Max Johnston, suka je Austin ta jihar Teksas suka naɗi Anodyne a 1993, kowa na kaɗawa lokaci guda a ɗaki ɗaya. Shi ne faifansu da ya fi kasuwa. Amma babu sauran mai cewa ku yi haƙuri.

A Janairun 1994 Farrar ya ce ya bar ƙungiya, kuma manajansu ya gaya wa, ba Tweedy ba. Suka daure suka yi zagayen ban-kwana saboda bashin da manajan ke bin su. A wasu darare na zagayen, in Tweedy ya ja waƙarsa, Farrar sai ya ƙi yi masa amshi, a gaban jama'a. Ranar 1 ga Mayu, 1994 suka yi wasan ƙarshe a wani gidan kiɗa mai suna Mississippi Nights, bakin kogi a St. Louis.

Tweedy ya kwashi sauran mutanen ya kafa Wilco, wadda daga baya ta koma Chicago ta ci babbar kyautar kiɗa ta Grammy. Farrar ya kafa Son Volt, kuma mai gangar da ya nema shi ne Heidorn. Dukansu biyu sun fitar da faifai a 1995; na Farrar, Trace, shi ya fi karɓuwa a lokacin, kuma har yau ni shi na fi so, duk da kowa ya san Tweedy ne ya fi nisa daga baya.

Da na sayi motata, ranar wata Lahadi na je neman Mississippi Nights. An rufe shi tun 2007, aka rushe don aikin wani gidan caca. Na tsaya a wurin ajiye motoci ina kallon kogin, wani mai gadi ya zo ya tambaye ni ko ɓata na yi.