Ɗan mahauci a hanyar makarantar likitan dabbobi

Ni ɗan Garwa ne, haifaffen unguwar Yelwa, kuma gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Sanin farko da na yi wa likitan dabbobi ba mai daɗi ba ne. Mutum ne mai farar riga da ke zuwa mahauta tun da asuba, ya tsaga huhu, ya tsaga hanta, ya duba kaluluwa, sannan ko dai ya buga wa nama hatimi, ko ya ce a kai rami. Ranar da aka binne wa Baba sa guda sukutum, ina aji uku a lise, wato sakandare, kwana uku ba a yi dariya a gidanmu ba. Shi ya sa da na ci Bak D, jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya, na ce masa makarantar likitan dabbobi nake so, sai da ya ajiye wuƙar da yake wasawa ya dube ni.

"Wato kai ne za ka zo kana binne mana jari?"

"A'a, Baba. So nake in san abin da ya sa ake binnewa, ko a tare shi tun dabba na raye."

Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai hana ni ba, bai kuma ƙara tada maganar ba har shekara ta zagayo.

Ga mu 'yan arewacin Kamaru hanyoyin ba su da yawa. Akwai makarantar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere, wadda ake kira ESMV, a Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari. Akwai babbar makarantar Dakar, EISMV, da aka kafa a 1968, wadda ƙasashen Afirka da dama suka haɗu a kanta har da Kamaru da Chadi, amma Sanagal ta yi wa aljihun mahauci nisa. Sai kuma cibiyar Marwa da ke horar da ma'aikatan jinyar dabbobi, ba cikakkun likitoci ba. Ni Dang na sa a gaba, kuma ƙofarta ɗaya ce: kwankur, jarrabawar da ake zaɓar 'yan kaɗan daga cikin taro.

Na zauna karon farko na faɗi. Ba wanda ya zalunce ni. Na shiga da taƙamar cewa na girma cikin shanu, na san bayoloji, sai na tarar takarda ba ta tambayar ko ka taɓa riƙe ƙaho. Kimiyyar sinadarai da fizik, waɗanda na riƙa lallaɓawa a lise don in samu abin tsallakewa kawai, su suka kayar da ni. Ga kuma takardu da na bari sai a makon ƙarshe: takardar haihuwa, kwafin sakamako, tambur, sa hannun hukuma, layi bayan layi. Kwanakin da ya kamata in yi ina bita, a bakin ofisoshi na ƙare su.

Ban zauna gida ba. Na yi rajista a sashen nazarin halittu na tsangayar kimiyya a nan Ngaundere, na biya sefa 50,000 na shekara, muka kama ɗaki ni da wani abokina a minisite, wato gidajen hayar ɗalibai. Wannan shawarar kawuna ce, kuma har gobe ina yi masa addu'a a kanta. Wanda ya zauna gida yana jiran kwankur na baɗi, rabin abin da ya sani yake zubewa kafin lokacin ya zo. Ni kuwa darussan shekarar farko, sinadarai, fizik, lissafi da nazarin ƙwayar halitta, su ne dai abin da ya kayar da ni, sai ga shi kullum ana tilasta mini zama a kansu. Na nemi tsofaffin tambayoyi daga hannun waɗanda suka riga mu shiga, mu huɗu muka riƙa haɗuwa bayan sallar asuba, a sa agogo, a amsa kamar a zauren jarrabawa, sannan a yi musayar takardu kowa ya gyara ta ɗan'uwansa ba sani ba sabo. Sanyin Dang a watan Disamba ba wasa ba ne ga wanda ya taso a zafin Garwa, amma ba mu fasa ba.

Abin da ya fi komai gyara ni kuwa ba a aji ya faru ba. Na je gida hutu ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, na tarar unguwa ta riga ta laƙaba mini Dokta. Ban hana ba, kuma laifina na farko ke nan. Wata maƙwabciyarmu, gwauruwa da ta yi wata shida tana kiwon rago don ta sayar, ta aiko da yaro da magariba.

"Ɗan nan, zo ka duba mini, tun safe ya ƙi cin komai."

"To, Inna, ga ni nan."

Ragon yana tsaye ya sunkuyar da kai, ba ya tuƙa, cikinsa ya kumbura ta hagu, yana zawo. Ban tambaye ta abin da ya ci jiya ba. Ban sa hannu a kwiɓinsa na ji ko tumbi na motsi ba. Na je na sayo allurar oxytetracycline, irin wadda kowa ke yi wa kowace cuta, na soka masa, na ce zuwa safe zai ware. Da safe yana kwance, ba ya iya tashi. Aka kira Baba ya yanka.

Da ya farke cikin, tumbin cike yake da dawa, ga wani tsami da ya buge mu. Ashe ragon ya ɓalle igiya da dare ya faɗa wa buhu. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ka shinshina. Duk mahaucin da ya yi Sallah goma ya san wannan warin." Abin da ya fi ci mini rai shi ne na karanta wannan a littafi watanni biyu kafin nan. Tumbin mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma ma'aunin tsaminsa, pH, yakan tsaya tsakanin 6 da 7. In aka ɗura masa hatsi da yawa lokaci guda, ƙwayoyin da ke haifar da tsami su suke rinjaye, ma'aunin ya faɗi ƙasa da 5.5, tumbi ya tsaya cak, ruwan jiki ya tsiyaye zuwa cikinsa, dabba ta bushe tana tsaye. Na haddace wannan da Faransanci, na ci maki a kansa, amma da ya tsaya a gabana da ƙafa huɗu ban gane shi ba. Ƙari a kan haka, allurar da na yi ta ɓata naman, don maganin yana ɗaukar makonni kafin ya fita daga jiki, kuma kwanakin jiran a rubuce suke a jikin kwalbar da ban karanta ba. Baba ya biya Inna kuɗin ragonta daga aljihunsa. Ni na kai mata, ban iya ɗaga ido ba.

Washegari na je wata cibiyar kula da dabbobi na roƙi a bar ni in riƙa bin ma'aikata a duk hutu, ba ko sisi. Wani dattijon ma'aikacin jinya ya karɓe ni, da sharaɗin ba zan taɓa sirinji ba sai ya ce. Sati uku aikina riƙe igiya, wanke kaya, da rubuta abin da makiyayi ya faɗa. Ya koya mini sa ma'aunin zafi in jira, in san cewa lafiyayyar saniya tana tsakanin digiri 38 da 39, in buɗe fatar ido in ga ko jini ya ragu, in lalubi kaluluwar gaban kafaɗa, in kimanta shekaru da haƙora kamar yadda dillalai ke yi a tike. Ya sa na riƙa auna ƙirjin sa da igiyar awo kafin a haɗa maganin sammore, domin ƙunshi ɗaya na diminazene an yi shi ne don dabba mai kilo 300. Makiyayi da yawa yakan raba ƙunshi ɗaya wa shanu biyu don sauƙin kuɗi, cutar ta lafa ba ta mutu ba, daga baya ta daina jin maganin ɗungurungum.

A nan na gane wata wahala da ba wanda ya faɗa mini. Littafi Faransanci yake yi, makiyayi Fulatanci, gida kuma Hausa. Na sayi littafin rubutu na ja layi uku. Abin da malami ke kira trypanosomose, mu sammore muke ce masa, ƙudan tsando ke kawo shi. Péripneumonie ciwon huhu ne. Fièvre aphteuse shi ne ɓoru. Charbon symptomatique harbin daji, dermatophilose kirci. Layin Fulatanci kuwa a bakin dattawan rugage na cike shi, ina ce musu Baffa, ina tambaya suna gyara mini lafazi. Sunan makiyayi ba kullum yake faɗawa daidai kan cuta ɗaya ta littafi ba, wani lokaci alama yake nufi, don haka sai ka bi da tambaya: tun yaushe, guda nawa, ina suka sha ruwa, wace kasuwa aka shigo da baƙuwar dabba. Mutumin da ya san kowace saniyarsa da suna da uwarta da kakarta, in ka saurare shi ya gama maka rabin bincike.

Su ne kuma suka ba ni labarin bushiya, annobar da ta taɓa share garkuna a ƙasar nan, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Allurar rigakafi ce ta yi wannan aikin, garke bayan garke. Na je har Bokle, bayan garin Garwa, na tsaya a ƙofar LANAVET inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, wurin da na sha wucewa ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Yanzu duniya ta sa 2030 a gaba don kawar da annobar awaki da tumaki, PPR, kuma ina so hannuna ya kasance cikin masu wannan aikin.

Sauran safiyoyin hutun a mahauta na yi su, kusa da Baba. Wurin da na guje wa tun ina yaro shi ya zama mini ɗakin koyon sassan jiki. Ya shimfiɗa mini cikin saniya kashi huɗu: babban tumbi, da mai kama da saƙar zuma, da mai shafi-shafi kamar littafi, da na ƙarshe mai santsi. Ni kuma ina faɗa masa panse, bonnet, feuillet, caillette, yana maimaitawa yana murmushi. Ya matse hanta ya nuna mini tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa daga hanyoyin matsarmama. Wata rana muka ci karo da huhu mai ƙulle-ƙulle, ciki kamar busasshen cuku. Na ce masa wannan tarin fuka ne, kuma yana kama mutum, musamman ta madarar da ba a tafasa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Irin wannan ne a jikin san nan da aka binne mini."

Karo na biyu takarduna sun kammala tun da wuri, na karanta sanarwar kwankur layi-layi, don ita ce ke fayyace sharuɗɗa da darussan kowace shekara, ba jita-jitar minisite ba. A zauren na fara da tambayoyin da na tabbata da su, na bar masu cin lokaci zuwa ƙarshe. Sakamakon ya iso ta WhatsApp da dare, abokina ne ya fara ganin sunana. Na buga wa Baba waya yana shirin kwanciya.

"Baba, an ɗauke ni."

"Alhamdu lillahi. Ka je ka faɗa wa Innar ragon nan da bakinka in ka zo."

Na je. Ta sa mini albarka, ta ce ta sake sayen ɗan rago, in leƙa in gan shi. Na tambaye ta abin da take ba shi da inda take ajiye buhun dawa, muka ɗauke buhun muka kai ɗaki, na ƙara wa turken igiya.